Tsohon Da Ya Sha Ruwa Da Hantsi

Jama'a, sallama gare ku. Abin da zan ba ku yau ba a majalisa na tsinto shi ba, ba kuma "an ce wai" ba ne, ni ɗin nan da nake rubuta muku ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ko yanzu aka ce in yi alwala in dafa Alƙur'ani a kai zan dafa. Sunana ne dai ba zan faɗa ba, don akwai abin kunya a ciki, kuma yanzu ina da surukai.

Shekaru sun kusa ashirin ke nan, lokacin ina gyaran injin niƙa a Daura. Ina da 'yar rumfa a cikin gari, amma yawancin aikina a ƙauyuka yake, yau a aiko daga wajen Sandamu, gobe Dutsi, jibi can wajen Mashi, sai in ɗaure jakar sifanoni a bayan babur in kama hanya. To ni Allah Ya yi ni da ci. Ba ci irin na marmari nake nufi ba, ci nake faɗa muku wanda in an gayyace ni biki sai an ƙara tukunya. In na hau babur ɗin nan sai ka ji ya yi nishi, in kuma na sunkuya zan kwance bel, tumbina ne yake fara gaisawa da inji kafin hannuna ya isa.

Wata rana ina tsaka da aiki sai jiri ya kwashe ni, na farka na ganni a asibiti. Likita ya ce jinina ya hau sosai, suga kuma yana bakin ƙofa yana sallama, in ban rage maiƙo da gishiri da wannan uban ci ba, to in shirya. Ya ba ni magani na dawo gida. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, shekara biyu yana kwance muna juya shi. Don haka da Inna, mahaifiyata, ta ji, sai ta sa kuka. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, ba zan yi jinya biyu ba. Daga yau Litinin da Alhamis azumi za ka riƙa yi. Kai da kake gyaran inji ka fi kowa sanin ana kashe shi ya huta, amma naka na cikin nan tun da na yaye ka ban ga ranar da aka kashe shi ba." Ta sa na riƙe hannunta na yi alkawari. Na koma na tambayi likita ko zai yiwu da maganin da nake sha, ni a raina ina addu'ar ya ce a'a, sai bawan Allah ya ce ai wannan ma ya fi.

Litinin ta farko wallahi da gaske na ɗauka. Na kai har wajen azahar, sai aiki ya kai ni wani ƙauye inda ba wanda ya san ni, sai ga wata mata tana suyar awara a bakin hanya. Ni dai na tuna na tsaya tambayar hanya, abin da na sake tunawa kawai ina lashe yatsa. Na jira in ga ko wani abu zai same ni, shiru. Da yamma na shiga gida ina jan ƙafa, na langaɓe kai, na shanye murya, sai na tarar mai ɗakina ta jera min kunun tsamiya da ƙosai da farfesun kayan ciki da kankana, tana ta "sannu Malam, sannu da ƙishirwa." Kai jama'a! Nan Shaiɗan ya dafa kafaɗata ya ce ka ga hanya.

Daga nan abin ya zama tsari. In ci sahur in yi nak, da hantsi in ɓuya a hanya in ci, da magariba a yi min shan ruwa na musamman, bayan isha'i kuma ga tuwo. Wato wanda yake ci sau uku ya koma ci sau huɗu da sunan azumi. Da na ga abin da riba, ni da bakina na ce wa Inna ai na ji daɗin azumin nan, zan ƙara da Laraba. Tsohuwa ta yi ta sa min albarka har na ji kunya, amma kunyar ba ta kai ciki ba. Maƙwabta suka fara ce min Ustaz. Wando kuwa ya ƙi haɗuwa, mai ɗakina tana cewa wataƙila kumburin azumi ne, jikin bai saba ba.

To ranar da abin ya faru Laraba ce, wato ranar da ni na ƙaro wa kaina. Lokacin bazara ne, gonaki fayau ba komai. An kwana biyu ana faɗa a rediyo cewa rana za ta yi husufi, kada a kalle ta da ido tsirara, amma ni ban sa a kai ba, na ɗauka irin surutun masana ne da suke cewa za a yi ruwa a ƙi yi. An aiko min daga wani ƙauye can gaba da Mashi cewa injinsu ya tsaya kwana uku, mata sun koma daka. Na yi sahur, na ɗaura niyya da ƙarfi yadda Inna za ta ji daga ɗakinta, gari na wayewa na fita.

A wata 'yar tasha na tsaya wajen mai abinci, na zaro kular da nake ɓoyewa ƙarƙashin sifanoni, aka cika min ita da ɗanwake, mai da yaji har yana ƙyalli, aka ɗora dafaffen ƙwai biyar, na ƙara da rabin soyayyen zabo, na sa aka dama min fura a jarka. Matar ta ce, "Ku nawa ne, Alhaji?" Na ce mu uku ne, sauran suna gaba.

Na saki babbar hanya na bi ta burji, na yi tafiya mai ɗan nisa, sai na hango wani ƙaton gawo shi kaɗai a tsakiyar gona. Kun san gawo da rani yake ganye, inuwarsa luf. Na duba gabas na duba yamma, ba mutum ba dabba, fili ne ko kaza ta gifta sai ka gan ta. Na kafe babur, na zagaya gindin bishiyar sau ɗaya don in tabbatar, ku riƙe wannan, na zagaya ba kowa. Na zauna na jingina, na baje kayana a gaba.

Tun a hanya na lura hasken ranar ya yi wani iri, kamar an tsarma shi da ruwa, amma na ce yunwa ce take sa ni gani haka. Na buɗe kula, na wanke hannu, na ɗebo lomar farko. Sai idona ya kai ƙasa. Kun san hasken da yake ratsowa ta tsakanin ganye ya faɗo a ƙasa kamar kwabbai? To duk ya canja, kowane ɗaya ya koma kamar jinjirin wata, ɗaruruwa, a ƙasa, a kan wandona, har a kan ɗanwaken. Wata iska mai sanyi ta taso a tsakiyar bazara, tsuntsayen da suke ta surutu a saman gawon suka yi tsit kamar an tsawata musu, can nesa na ji shanu suna kuka irin na komawa gida. Kafin in ce me, duhu ya taho daga yamma da gudu, wallahi da gudu, kamar an jawo bargo, sai ga tauraro a sama da hantsi.

Ni ban tuna da wani rediyo ba. Abin da ya faɗo min kawai shi ne, shi ke nan, asirina ya tonu a sama, an kashe rana saboda ni. Ga loma a hannu tsakanin kula da baki, ban kai ba ban mayar ba. Na ce bari in karanta Ayatul Kursiyyu, na buɗe baki sai na ji ina karanta addu'ar shiga kasuwa.

Sai na ji an ce, "Alhamdu lillahi. Rana ta faɗi."

A gefena na dama. Ba nesa ba, kusa, kamar yadda mutum zai zauna ku ci kwano ɗaya.

Na juya a hankali. Wani tsoho ne zaune ya tanƙwashe ƙafa, dogo, siriri kamar karan dawa, da wata rigar saƙi irin wadda rabon da in ga irinta tun a jikin kakana, ba takalmi. Fuskarsa ban gan ta sosai ba saboda duhu, amma na ga farin gemu, kuma wani ƙanshi yake yi kamar na ƙasa in an yi ruwan farko. Muryarsa kuwa kamar mutum yana magana a cikin tulu.

Ya ce, "Samari, ba ka taya mai azumi shan ruwa?"

Ban san lokacin da na tura masa kular ba, har da lomar hannuna na mayar ciki. Na ce, "Bi... bismillah, Baba."

Ya yi bismillah ya sa hannu. Jama'a, ni maci ne, na san ci, na ga maciya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba gaggawa yake ba, a natse yake, amma ɗanwaken nan sauka yake kamar ana zuba hatsi a bakin inji. Ban ji tauna ba. Ƙwai biyar, ban ji ƙarar fasa ko ɗaya ba. Ya ɗaga jarkar fura ya kafa kai, ban ji maƙogwaro ya motsa ba, ya ajiye ta fayau.

Don in ji muryar kaina in tabbatar ina raye, na ce, "Baba, azumin me kake yi?"

Ya ce, "Nafila."

Na ce, "Tun... tun asuba?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna sama, inda rana ta zama baƙin faifai da farin zobe kewaye da ita. Ya ce, "Tun wancan karon da ta yi haka."

Gashin jikina duk ya miƙe. Amma ku ji halin ɗan Adam, ku ji abin kunyar da ya sa na ɓoye sunana. A cikin wannan tashin hankalin, ina jin fitsari, sai na ga saura cinyar zabo guda ɗaya a takarda, kuma wallahi hannuna da kansa, ba da shawarata ba, ya tafi wajenta. Sai tsohon ya ɗora yatsa ɗaya a bayan hannuna. Sanyi kamar ƙanƙara, nauyi kamar an aza min dutsen niƙa.

Ya ce, "A'a. Ni nawa ya kai. Kai naka da saura. Magariba ka ce wa tsohuwa, kana riƙe da hannunta."

Ya ɗauke cinyar ya gama da ita. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "Yajin dai ya yi kaɗan."

Daidai nan wani haske ya tsargo daga gefen rana kamar an kunna walda, na runtse ido, can ƙauye zakaru suka ɗau cara. Na buɗe ido. Ba kowa. Ga fili fetal ko ta ina, ba rami ba daji ba inda mutum zai shige. Ga kula a rufe, na buɗe ta da ƙafa, tas take, a bushe, ko maiƙo babu, kamar ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Ba ɓawon ƙwai, ba ƙashin zabo. Wajen da ya zauna ƙasa ce mai laushi, ga shatin zamana nan kamar an ajiye buhu, nasa babu. Wani zai ce me ya sa ban duba saman bishiyar ba. To kai ka je ka duba.

Na haye babur na yi ta buga kik, na buga ya fi sau ashirin ina salati, sai daga baya na lura ban murɗa makulli ba.

Da na isa ƙauyen na tarar gari a hargitse, mata sun fito da kwanuka da faranti da suka yi ta bugawa, wata tsohuwa tana ta yafe wa mutane laifin da ba su san sun yi mata ba, maza kuma suna fitowa daga masallaci an idar da sallar husufi. Ban nemi mai inji ba, limamin na nufa, wani dattijo mai fara'a, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, a yafe min, ni na jawo muku wannan abin."

Ya ce, "Wane abin?"

Na ce, "Ranar nan. Saboda ni aka kashe ta."

Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga awara. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce, "Kai bawan Allah, rana da wata ayoyin Ubangiji ne, ba sa husufi don wani babba ya mutu ko don an haifi wani, balle don ɗanwakenka. Kai wane ne? Ana nuna mana ne don mu tuna cewa wannan hasken da muke taƙama da shi aro ne, Mai shi in Ya so Zai karɓe, kuma akwai ranar da za a naɗe ta gaba ɗaya. Abin da aka ce mu yi shi ne salla da istigfari da sadaka har ta washe. Amma in tsoron ya sa ka tuba, to kai ka amfana da ita fiye da masu bugun kwano."

Sai na ce, "To Malam, tsohon fa?"

Da na ba shi wannan ɓangaren, dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni wane gawo, na kwatanta. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Kai ka ba shi, ko ƙwata ya yi?"

Na ce, "Ni na tura masa."

Ya ce, "To ka yi sadaka a lokacin da ake son sadaka, ka gode wa Allah. In za ka koma ka bi ta babbar hanya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na yi juyin duniya ya ƙara min bayani, ya ce in je mata suna jiran inji.

Ranar ce na fara kai azumi magariba tun da na yi alkawari, kuma ko yunwa ban ji ba, tsoro ya cika wajen. Da na dawo gida na sami Inna a ɗaki na faɗa mata gaskiya ina hawaye, ina jiran ta yi fushi. Sai ta ce, "Kai wannan, ni na haife ka fa. Wane mai azumi ne yake dawowa gida da warin albasa? Na zuba maka ido ne ina kai ƙararka inda ya dace." Mai ɗakina kuwa kwana uku ba ta yi min magana ba, ba don ƙaryar ba, wai don farfesun da ta yi ta asara.

Daga nan na kama Litinin da Alhamis da gaske, Laraba dai na janye ta, ba na son ganinta. Makonnin farko na sha wuya, ciwon kai, masifa, har da kaza na yi faɗa. Amma da tafiya ta yi tafiya sai jiki ya yi sakayau. Inna ta hana a riƙa jera min kwanuka da magariba, dabino da ruwa da kunu, sai abinci daidai ciki, ta ce azumin da aka rama da dare ba azumi ba ne, canjin lokaci ne. Tumbi ya sauka, gwiwoyina suka daina ƙara in zan yi sujada, minsharin da ake ji har zaure ya tafi, nauyin nan da nake ji bayan azahar kamar an ɗaura min bulo a ka na neme shi na rasa. Da na koma asibiti likita ya auna ya sake aunawa, ya rage min magani, ya ce me na yi. Na ce wani tsoho ne ya taimaka min. Ya ce in gaishe shi. Na ce to.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan wasu shekaru aka sake sanarwa za a yi husufi, amma wannan karon ba duka za ta kama ba. Ni kuwa tun kafin a fara na riga ladan shiga masallacin unguwarmu, na zauna a sahun farko tsakiyar mutane, ban fito ba sai da rana ta washe tas. Na dawo gida na tarar da Inna zaune a zaure, lokacin ta tsufa sosai, nan take shan iska, ga kofi a gabanta.

Ta ce, "Ka yi baƙo, kun yi saɓani."

Na ce wa?

Ta ce, "Wani dattijo dogo, mai rigar saƙi. Na ce a kawo masa abinci, ya ce a'a, yau ba ta faɗi duka ba, ba zai ci ba, kurkure baki kawai zai yi. Na ba shi ruwa." Ta ɗan yi tunani. "Ya ce in gaya maka ka yi kyau, jikin ya sauka. Amma wai Alhamis ɗin da ta wuce, wajen alwalar la'asar, ruwan da ka kurkura ba duka ka zubar ba."

Jama'a, ni kaɗai ne a bayan rumfata ranar, kuma maƙwarwa ɗaya ce tak na haɗiye.

Na fita waje da gudu na tambayi masu shago da masu zama a bakin layi, kowa ya ce tun da aka fara husufin idonsu na kan ƙofar nan, ba wanda ya shiga ba wanda ya fita. Na dawo na ɗaga kofin. A bushe yake ƙamas.

Har yau ban san ko wane ne ba. Mutum ne, aljani ne, wani bawan Allah ne da aka ɓoye, ban sani ba, kuma na daina tambaya don kada amsar ta zo da ƙafarta. Ni dai shawarata gare ku, in kun ji an ce rana za ta yi husufi, ku nufi masallaci, ku yi istigfari, ku fitar da sadaka tun kafin a zo karɓa. In za ku yi azumi don lafiya, mai ciwo ya fara jin ta bakin likita, sannan ku yi shi tsakani da Allah, yana gyara jiki, ni shaida ne. In kuma ba za ku iya ba, ku ce ba za ku iya ba, ba dole a nafila. Amma kada ka riƙe hannun mahaifiyarka ka yi alkawari, sannan ka nemi inda ba kowa. Na zagaya bishiyar nan da ƙafata. Babu inda ba kowa.